Na dawo in ce na gode: lissafin tafiyata ta keke a Ruwanda

Rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba.

  Mako uku ke nan ba ku ji muryata ba, har wasu sun fara turo saƙo suna tambaya ko na sayar da keken ne na sulale Turai. To ga ni, na dawo Jos lafiya. Sai dai har yanzu in zan zauna a kan benci sai na yi dabara. Duk wanda ya taɓa kwana biyar a kan sirdin keke ya san abin da nake nufi.

Yau ba mu da baƙo, ni kaɗai ne. Abu biyu na zo da su, godiya da lissafi. Da farko na so in yi godiyar yau in bar lissafin sai wani mako, amma da na zauna na ga ba za ta yiwu ba. Mutumin da ya ba ka kuɗinsa saboda ya yarda da kai, in ka ce masa na gode ba ka faɗa masa abin da ya faru ba, ka rage masa canji.

Ga wanda bai bi labarin daga farko ba, bari in taƙaita. Wata ƙungiyar agaji ta Kirista mai tallafa wa karatun yara a wasu ƙasashen Afirka ce ta shirya tafiyar keke a Ruwanda. Kowane mahayi zai nemi masu mara masa baya, su yi alkawarin wani abu a kan kowace kilomita, kuɗin kuma ya tafi ga aikin ilimin da aka amince da shi tun kafin a tashi. Mu 14 ne, yawanci daga Ingila, biyu daga Kenya, ɗaya daga Uganda, sai ni. Aikin da na hau keke dominsa shi ne mayar da yaran da rikici ya raba da gidajensu a yankin Mangu da Bokkos makaranta.

Hanyar da muka bi ana kiranta Congo Nile Trail, tsawonta kilomita 227. Tana farawa daga garin Rubavu, daf da iyakar Kwango, inda kana tsaye kana hango Goma, ta bi gefen tafkin Kivu ta ratsa Karongi, ta ƙare a Rusizi can kudu. Sunan ya samo asali ne daga tsaunukan yankin: ruwan saman da ya zuba ta gefensu na yamma yana gangarawa kogin Kwango, wanda ya zuba ta gabas kuma ya nufi kogin Nilu. Masu tafiya a ƙafa sukan yi kwana 10, masu keke kwana 5.

Ni kuwa da girman kaina na tafi. Wata huɗu ina atisaye, daga Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, wani lokaci in miƙa hanyar Vom in dawo. Na ce ai ɗan Jos ba a koya masa hawan tudu. Ashe ba banza ake ce wa Ruwanda ƙasa mai tsaunuka dubu ba. A nan gida in ka hau tudu akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya da za ka huta. A can kana gama gangara, wani hawan na tsaye yana jiranka. Tafkin da kansa yana kan tudun da ya kai mita 1,460 daga matakin teku, wato ya fi Jos bisa, kuma daga bakinsa ake fara hawa.

Ranar farko na daure muka kwana a Kinunu, wurin da ake wanke 'ya'yan gahawa ana shanya su a kan dogayen gadaje. Da yamma muka zauna muna kallon masunta suna fita da kwale-kwalensu da ake haɗa uku uku da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa, za su kwana kamun wani ɗan ƙaramin kifi da suke kira sambaza. Na ci shi soyayye, na kwanta ina jin kaina gwarzo.

Rana ta biyu ce ta tona mini asiri. An yi ruwa da asuba, jar ƙasar nan ta zama taɓo, tana maƙalewa a taya da kaca. Ina cikin nishi a kan keke mai giya sama da 20, sai ga wani bawan Allah ya zo ya wuce ni, yana tura keke marar giya ko ɗaya, an lafta masa ayaba har ba ka ganin sirdin. Ya dube ni ya ce, "Komera." A harshensu kalmar na nufin ka yi ƙarfi, ka daure. Haka suke ce wa duk wanda suka ga yana shan wahala ko ya yi tuntuɓe, kamar dai yadda muke cewa sannu.

Can gaba kuma na ji keken ya yi sauƙi ba dalili. Da na waiga, wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 10 ba, sanye da kayan makaranta da silifas, littattafanta a hammata, ta sa hannu ɗaya tana tura ni daga baya tana dariya. Ta kai ni har ƙarshen hawan, ta ɗaga mini hannu, ta ratse wata siririyar hanya ta nufi makarantarsu. Ku duba fa. Ni ne na taso daga wata ƙasa wai na zo yin wahala domin yara su yi karatu, ga mai karatun tana tura ni. Tudun da nake ɗaukar hoto a kansa ina neman a yaba mini, ita kullum sai ta hau shi sau biyu, kuma ba wanda ya taɓa yi mata alkawarin ko sisi a kan kilomita.

Bayan azahar jijiyoyin cinyoyina biyu suka ɗaure lokaci guda. Na faɗi gefen hanya, na yi amai, kaina na juyawa. Jagoranmu, wani matashi ɗan Rubavu, ya duba idona ya ce tafiyata ta yau ta ƙare. Na yi gardama, ya ce shi ke da alhakin mayar da ni gida da rai. Da muka fita inda mota ke iya zuwa, aka ɗora kekena a baya, ni kuma na shiga gaba. Daga nan zuwa masaukinmu a Karongi kilomita 31 ne. A mota na yi su.

To ga lissafin farko, ku ji shi daga bakina. Ban yi kilomita 227 ba. Na yi 196.

Gaskiya sai da zuciyata ta raya mini in yi shiru. Wa zai sani? Washegari na koma kan keke, na gama sauran kwana ukun da ƙafata, akwai hotona a Rusizi na ɗaga keke sama ina washe baki. Da na sa hoton nan kawai, da yanzu ana ta yi mini kirari. A daren da abin ya faru na kasa cin abinci. Wata dattijuwa a cikinmu, tsohuwar malamar firamare daga Ingila mai shekara 68, wadda ita ta yi kilomitocinta cif, ta zo ta zauna kusa da ni. Na faɗa mata abin da ke damuna. Ta ce, "Waɗanda suka yarda suka ba ka kuɗinsu za su iya ɗaukar gaskiya. Ka faɗa musu, ka bar su su zaɓa."

Shi ya sa da na dawo, kafin in kunna wannan makirufo, na bi duk wanda ya yi alkawari a kan kilomita na tura masa saƙo. Misali, wanda ya ce naira 100 a kan kowace kilomita ya turo 22,700 tun kafin in tashi. Abin da na cancanta shi ne 19,600. Akwai 3,100 da hakkinsa ne. Na ce wa kowa ya zaɓa, in mayar masa ko ya bar wa yaran. Yawancinku kun ce a bari. Mutum uku suka ce a mayar musu, na kuma mayar a ranar. Waɗannan ukun ina gode musu ƙwarai, kuma ba gatse nake yi ba. Su ne suka sa tayin nawa ya zama na gaske. Da kowa ya ce a bari, da wata rana zan fara ɗauka cewa tambayar al'ada ce kawai.

A cikin Linjila ta hannun Luka, sura 17, akwai labarin kutare goma da Yesu ya warkar. Duka goman sun sami lafiya, amma ɗaya ne kaɗai ya juyo ya dawo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye. Tun muna makarantar Lahadi ake ba mu labarin nan, amma sai a tafiyar nan na lura da wani abu. Ba mamaki sauran taran ma sun ji daɗi a ransu. Bambancin shi ne wannan ya taka da ƙafarsa ya koma wurin wanda ya yi masa alherin. Ita godiya sai an koma. To bari in koma, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan kama suna ba, domin yawancinsu sun roƙe ni kada in kama.

Na fara da Ubangiji, wanda ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma ƙasƙantar da ni a daidai inda nake bukata.

Sai Baba mai gyaran keke na bakin kasuwa. Musulmi ne, dattijo mai furfura, shi ya tayar mini da keken gwanjon da na yi atisaye da shi. Wata huɗu yana canza mini birki, yana ɗaure kaca, yana miƙe taya. Duk ranar da na sa hannu a aljihu sai ya ce, "Yaro, mayar da kuɗinka. Kai ka ba da ƙafa, ni na ba da hannu." Na ce, "Baba, kun san fa tafiyar ta 'yan coci ce." Ya ce, "Yaran da za a sa makarantar, ba 'ya'yan mutane ba ne?" Ana gobe zan tashi ya ƙulle mini robar faci da gam a leda. Ledar dai ba ta shiga Ruwanda ba, domin tun 2008 suka haramta ta, amma facin ya shiga. A rana ta huɗu tayar dattijuwar nan ta Ingila ta yi faci, kuma da kayan Baba aka gyara. Baba, in jikokinku sun karanta muku wannan, facinku ya yi aiki a bakin tafkin Kivu. Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Sai iyayena mata na zumunta a ikilisiyarmu. Ba su da asusun banki a waya. Ranar wata Lahadi bayan sujada suka kira ni gefe, aka kwance bakin zane, aka zube mini 'yan ɗari biyu biyu da ɗari biyar biyar, wasu da ƙanshin daddawa, wasu da man ƙosai. Ɗaya daga cikinsu ita kanta gudun hijira ta yi ta zo Jos. Na ce, "Mama, ku ai ku ya kamata a ba." Ta ce in rufe mata baki, ita ma tana so a rubuta ta cikin masu bayarwa.

Sai mahaifiyata, wadda ta ƙi tafiyar nan tun ranar farko, ta ce mutanen kirki suna zuwa ƙasar waje karatu, ni zan je tuƙa keke. Duk da haka ƙanwata ta faɗa mini kwana biyar ɗin nan azumi ta yi. Mama, na ji, na kuma gode.

Sai wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare, wanda ya yi mini tambayar da wasunku suka yi ta yi a ɓoye. Ya kira ni ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kuɗin nan ba na sauya wa yara addini ba ne?" Ban ji haushi ba. A ƙasar da aka sha cin amanar mutane da sunan taimako, tambayar tana kan hanya. Ga amsar da na ba shi, ita ce kuma nake ba ku. Ƙungiyar ta Kirista ce, ba ta ɓoye ba, kowace safiya kafin mu hau keke sai mun yi addu'a. Ni ma bangaskiyata ce ta sa na hau. Amma sharaɗin da muka rubuta a kan kuɗin da na tara shi ne ba a tambayar addinin yaro kafin a taimake shi, iyayensa ne ke zaɓar makarantar, kuma kuɗin na tafiya kai tsaye ga makarantar da mai ɗinkin kayan makaranta. A cikin jerin yaran akwai Kirista akwai Musulmi. Ya ce zai zo ya gani da idonsa. Na ce ƙofa a buɗe take. Da yamma sai ga alat ɗinsa ya shigo.

Akwai kuma waɗanda suka rubuto cewa kuɗin jirgin kaɗai ai ya isa a sa yara da yawa a makaranta, me ya kai ni yawo? Wannan ma magana ce mai nauyi. Ko kwabo daga gudummawarku bai shiga tikiti ba. Rabi daga ajiyata ne, rabi daga wani asusu dabam da ƙungiyar ta ware domin matasan Afirka su ma su shiga tafiyar. Amma na san wannan bai gama amsa tambayar ba. Ga sauran amsar, ko da ba ta da daɗi. Bara na sa roƙo a wannan shafin domin yaran nan dai, ba keke ba tafiya. Abin da aka tara bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bana ba. Yaran ba su canza ba, bukatarsu ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne an sami wani yana zufa a hoto. Ban faɗi haka don in zargi kowa ba, ni ma haka nake, sai abu ya zo da labari yake taɓa ni. Amma ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa.

Domin a takarda, bai kamata a ce sai wani ya hau keke ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a Najeriya. Duk da haka UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Uban da aka ƙona masa rumbu, in ka ce masa karatu kyauta ne, zai tambaye ka kayan makaranta fa, takalmi fa, littattafan rubutu fa, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai fa? Waɗannan ƙananan abubuwan ne ke ajiye yaro a gida. Abin da muka tara faci ne kawai, irin na Baba. Faci yana kai ka gida, amma ba ya hana mu ci gaba da tambayar waɗanda aka ba amanar sayen sabuwar taya.

Godiyata ta ƙarshe ga mutanen Ruwanda ce, musamman jagoranmu. Kafin mu fara tafiya an kai mu wurin tunawa da kisan ƙare-dangi na 1994 da ke Gisozi a Kigali, inda aka binne mutum sama da 250,000. Cikin kwana kusan 100 aka kashe mutane kimanin 800,000 ko fiye, yawancinsu 'yan Tutsi. A matsayina na Kirista abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da yawa a cikin majami'u aka kashe su, inda suka gudu neman mafaka, irin su Nyamata da Ntarama. Ba zan ɓoye wannan don ina cikin tafiyar 'yan coci ba.

A daren nan na Karongi, bayan dattijuwar ta tashi, jagoran ya ba ni labarin wata makarantar sakandare a Nyange, a kan hanyar da ta tashi daga Karongi zuwa Muhanga. Ranar 18 ga Maris 1997 da dare, 'yan bindiga suka shiga makarantar suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka kashe shida daga cikinsu, aka jikkata da dama. Yau suna cikin gwarazan da ƙasar ke tunawa da su kowace ranar 1 ga Fabrairu.

Ni ɗan Jos ne. Ina ƙarami aka yi rikicin 2001, na yi wayo a na 2008 da 2010. Na san yadda gari ke rabuwa, unguwa ta zama tasu, unguwa ta zama tamu, har makarantu su bi sahu. Ba na cewa Ruwanda aljanna ce, akwai talauci a ƙauyukan da muka ratsa, akwai kuma masu sukar gwamnatinsu a kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma labarin Nyange ya sa na fahimci abin da nake tara wa kuɗi. Yaron da ya zauna benci ɗaya da ɗan wani, suka ari biron juna, suka sha bulala tare, yana da wuya a zo da dare a ce masa wancan ba mutum ba ne. Da na gode wa jagoran da kalmarsu, murakoze, sai ya yi dariya ya ce in je gida in yi aikin.

To ga aikin. Abin da kuka tara zai mayar da yara 38 aji a zangon karatu mai zuwa, da kayan makaranta, takalmi, jaka, littattafai da kuɗaɗen da makaranta ke karɓa na shekara guda. Ranar Juma'a zan sa cikakken lissafi a wannan shafin: abin da ya shigo, abin da aka mayar, abin da banki ya cire, abin da aka kashe, da hoton kowane rasit. Ba za ku ga fuskokin yaran ko sunayensu ba, domin ba tallar su muke yi ba. Duk wanda ya ga kuskure ko na naira 10 ne, ya faɗa a fili a ƙarƙashin rubutun, kada ya ji kunyata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shekara guda kawai kuɗin zai ɗauka, kuma wannan ne ke hana ni barci. Yaron da aka mayar aji aka sake cire shi, gara ma ba a fara ba. Ba ni da niyyar sake neman tikitin jirgi baɗi. Abin da nake nema shi ne mutum 38, ko ƙungiyoyin abokai 38, kowa ya riƙe yaro ɗaya har ya gama ajin da yake ciki, ba tare da an nuna masa hoton kowa yana zufa ba. Mai niyya ya turo saƙo ta akwatin shafin.

Kilomita 31 ɗin nan kuma bashi ne a kaina. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe 6 na safe, zan biya su a nan gida, daga Jos mu miƙa hanyar Vom. Ba a tara ko sisi. Duk mai keke ya fito, ko na gwanjo ne ko na aro. Baba ya ce zai biyo mu a babur da famfo da kayan faci, kuma ya gargaɗe ni cewa wannan karon ba motar da zan shiga.